Yadda za ka kai mata cakulan bai koma kunu a hanya ba

Cakulan na farko da na taɓa kai wa mace da cokali aka sha shi, kuma wallahi ba ƙari a maganar nan. Watan Afrilu ne, irin zafin Kanon nan da ko ƙadangare sai ya nemi inuwa, na tsaya a wani kanti wajen ƙarfe biyu na sayi ƙaton guda mai tsada na jefa a but ɗin mashin, ban ko tuna cewa but ɗin a saman inji yake ba, na biya wajen tela, na tsaya la'asar, na tsaya hira a majalisa, sai bayan isha'i na isa zance ina ta ƙamshin turare. Na ciro na miƙa mata da yanga. Tana karɓa ta ɗan matsa takardar da yatsa sai ta dube ni ta ce, "Yaya, yau kuma kunun gyaɗa ka ƙullo min a takarda?" Ƙaninta da ke laɓe a bakin zaure shi ya ruga ya ɗauko cokali. Yau ita ce uwar 'ya'yana kuma har gobe in muka yi 'yar gardama sai ta tuno min da kunun nan.

To tun daga ranar na sa kaina sanin abin nan, kuma abin da na fara ganowa shi ne ba laifin mai kanti ba ne, ba kuma jabu aka sayar min ba, asali ma don mai kyau ne ya sa ya narke haka. Cakulan na gaske da man koko ake yin sa, shi kuma man koko yana narkewa ne a wajen digiri 34, jikin mutum kuma 37 yake, wato a hannun mai kanti dutse ne amma yana hawa harshe sai ya saki jiki ya malale, har ka ji wani ɗan sanyi-sanyi a baki. Duk daɗin da ake ta zuzutawa a nan yake. Matsalar ita ce aljihun kaftaninka ma 37 ɗin ne, but ɗin mashin kuwa sai dai Allah ya kyauta. Saboda haka duk wanda zai yi kyautar cakulan a ƙasarmu rabin aikinsa faɗa da rana ne.

Bari in ɗan koma baya tukuna, don in ka san asalin abu ka fi iya zaɓensa, kuma ka samu abin faɗa a wajen hira maimakon "ya gida ya su Umma" sau bakwai.

Koko da nake faɗa ba kokon safe da ƙosai ba, na taɓa yi wa wani yaro bayani ya ɗauka da gasara ake yin cakulan. Bishiya ce ta kurmi, 'ya'yanta a jikin gangar itacen suke fitowa kamar an liƙa su, kowane ɗa ya kai girman ƙaramar gwanda, in an fasa a samu ƙwaya talatin zuwa arba'in cikin wani farin abu mai yauƙi da zaƙi-zaƙi. Asalinta Kudancin Amurka, can saman kogin Amazon, kuma a ƙasar Ekwado masu tonon tarihi sun samu burbushin koko a jikin tukwane da suka haura shekara 5,000. Daga baya mutanen Maya da Aztek na yankin Meksiko suka ɗauke shi da daraja, amma su ba tauna shi suke ba, sha suke: a gasa ƙwayar a niƙa a kan dutse, a dama da ruwa, a sa barkono, wani lokaci da garin masara, a riƙa juyewa daga wannan ƙwarya zuwa waccan daga sama har ya yi kumfa, kamar dai yadda mai shayi yake sheƙa shayi. Ba sukari. Ɗaci ne zalla da yaji. Kuma ƙwayar kuɗi ce a wajensu, akwai wata takardar farashin kasuwa ta 1545 da ta nuna macen talotalo mai kyau ƙwaya 100 ce, tumatir babba ƙwaya ɗaya. Ka ga wanda ya dama koko ya sha kuɗi ya sha a zahiri.

Abin da ya fi burge ni, a wajen Maya da koko ake zuwa neman aure, da shi ake shagalin biki. Ka tuna da wani abu? Goro mana. Kuma abin mamaki bishiyar goro da ta koko dangin juna ne a wajen masana tsirrai, gida ɗaya aka sa su, har sinadarin da ke sa ka ji ka wartsake in ka ci cakulan, wanda ake kira tiyoburomin, akwai shi a goro. Mu muka ɗauki ɗaya muke kai wa gidan surukai, su suka ɗauki ɗan uwansa, ba wanda ya san da wani.

Mutanen Sifen da suka ci ƙasar Aztek bayan zuwan jagoransu Kotes a 1519 su suka kai shi Turai, suka cire barkonon suka zuba sukari da kirfa, ya zama abin shan sarakuna da masu hali har kusan shekara 300. Wanda muke ɓarewa mu ci ɗin nan kuwa jiya-jiya ne. A 1828 wani ɗan Holan, Van Houten, ya fito da injin matse man daga ƙwayar, sai aka samu gari daban mai daban. A 1847 kamfanin Fry a garin Biristol na Ingila ya haɗa garin da sukari ya mayar da man ciki, ya zuba a mazubi ya daskare, shi ne sandar cakulan ta farko. A 1875 Daniel Peter a Suwizalan ya yi nasarar sa madara a ciki, maƙwabcinsa kuwa shi ne Henri Nestlé, e wannan Nestlé ɗin dai na gwangwanin madara. Sai 1879 Rodolphe Lindt ya ƙirƙiro injin da ke ta murza shi awa da awanni har tsakin ya mutu ya yi santsi. Kafin nan in ka tauna sai ka ji kamar da yashi.

Maganar soyayya kuma 'yan kasuwa ne suka ɗaura masa ita, gaskiya ɗaya ce. Iyalan Cadbury a Birmingham 'yan wata ɗariƙar Kirista ne masu ƙyamar giya, suna tallan koko a matsayin abin da ya fi giya, sai a shekarun 1860 Richard Cadbury ya fara zuba cakulan a akwatuna masu zane, har da masu siffar zuciya na ranar masoya, wato 14 ga Fabrairu. Dabararsa ita ce ko an cinye cakulan ɗin akwatin ba a yar da shi, yarinya ta adana ta riƙa tara wasiƙun saurayi a ciki. Riƙe wannan, za mu dawo kansa. A Jafan abin ma juyewa ya yi, mata ne ke ba maza ranar, har sun raba shi biyu, akwai na wanda ake so da gaske, akwai na fita kunya da ake ba oga da abokan aiki, sannan bayan wata guda cif, 14 ga Maris, maza su rama. Wannan ranar ramuwar ma masu sayar da alewa ne suka ƙirƙiro ta a ƙarshen shekarun 1970.

Gana kuwa wayo suka yi, tun wajen 2007 suka mayar da 14 ga Fabrairu ranar cakulan ta ƙasa, don mutane su ci abin da suke nomawa. Kuma suna da gaskiya, ai yanzu mu 'yan Afirka ta Yamma mu ne masu kokon. Wani maƙeri mai suna Tetteh Quarshie ya dawo da iri daga tsibirin Fernando Po a 1879 ya shuka a Mampong, kafin shekara talatin da 'yan kai ƙasar ta zama ta ɗaya a duniya, a cikin kurmin nan dai da fataken Hausa suka daɗe suna bin hanyar Gwanja don goronsa. Yau Kodebuwa da Gana kaɗai suna ba da fiye da rabin kokon duniya, a Afirka Najeriya da Kamaru na biye, mu namu a Ondo da Kuros Riba da Osun ya fi yawa, dogon benen nan Cocoa House na Ibadan da aka gama a 1965 da kuɗin koko aka gina shi. Sai dai a kwashe ƙwayar a buhu a kai Turai a dawo mana da ita cikin takarda mai ƙyalli mu saya da tsada, kai abin da takaici, amma ba shi ya tara mu ba yau.

Ni dai ba ruwana da 14 ga Fabrairu, ba al'adarmu ba ce kuma kowa ya san abin da malamai suka ce a kai, ban zo jayayya ba. Amma kyauta ai ba ta da rana. Ga goron sallah, ga kayan shan ruwa da ake kai wa budurwa da azumi, ga toshi, ga ranar da aurenku ya zagayo, ga ranar da ta sauke ko ta gama jarabawa, ga kuma ranar da ka yi laifi kana neman hanyar shiga gida. Na ƙarshen nan ya fi yawa a wajen magidanta.

To yanzu aikin.

Kafin ka taka ƙafa zuwa kanti ka san bakin wadda za ka kai wa. Wannan shi ne inda maza muke faɗuwa, sai mutum ya sayi abin da ya fi tsada ko wanda kwalinsa ya fi kyau. Cakulan kala uku ne a taƙaice. Akwai baƙi, wanda kokonsa ya fi yawa, za ka ga an rubuta 70% ko 85% a gaba, yawan lambar yawan ɗacin. Akwai mai madara, ruwan ƙasa, shi ne wanda yawancinmu muka taso da shi. Akwai fari, wanda ba garin koko a cikinsa sam sai man da madara da sukari, zaƙi kamar ya cire maka haƙori. Yadda za ka gane nata ba sai ka tambaya ba: duba yadda take shan shayi. Mai zuba madara cokali uku da sukari har cokali ya tsaya, kai mata mai madara ko fari, in ka kai mata 85% za ta gutsura sau ɗaya ta ce ka kawo mata maɗaci. Mai shan baƙin shayi ko kofi ko wadda ke ɗan taɓa goro, ita ce ta baƙi, ita ma fara mata da 60 ko 70. In ka rasa gane komai nemi ƙanwarta ka saye ta da katin waya, minti biyu za ta zazzage maka komai. 'Yan uwa mata masu son yi wa maigida, ku ma haka, sai dai ku sani da yawa daga cikinmu kunya ce ke sa mu ce "ni ba na shan zaƙi", ajiye a firij ki ga ko zai kwana.

Kana ɗauka a kanti juya bayansa, gaban talla ne, gaskiyar tana baya. A jerin kayan haɗi abin da aka fara rubutawa shi ya fi yawa a ciki. Kalmomin da kake nema su ne cocoa butter da cocoa mass, in ka gan su to na gaske ne. In kuwa ka ga vegetable fat ko palm kernel oil ne a madadin man kokon, ko an rubuta chocolate flavoured ko compound, to wannan garin koko ne aka kwaɓa da man kwakwar manja, shi ne wanda in ka ci yake liƙe maka a ganɗa kamar ka tauna kyandir. Ba guba ba ne, yara na sha lafiya lau, kuma ya fi jure zafi, amma ba shi ne na toshi ba. Tun da farashin koko ya yi tashin gwauron zabi a 2024, tan ɗaya ya haura dala 10,000 saboda cuta da rashin kyan yanayi sun ɓata gonaki a Gana da Kodebuwa, irin wannan haɗin ya ƙara yawa a kasuwa kuma sandunan suka ƙanƙance, don haka duba giram ɗin ma, kar girman kwali ya ruɗe ka, wani akwatin rabinsa roba ce da iska.

Sai maganar halal, a nan a nutsu. Akwatunan waje masu ƙananan ƙwallaye da ruwa-ruwa a ciki, musamman waɗanda ake kawowa tsaraba daga Turai, wasu da giya a ciki ƙarara. In ka ga liqueur, rum, brandy, whisky, cognac ko champagne, ajiye musu kayansu. Amma ga inda mutane ke rikicewa: cocoa liquor ko chocolate liquor ba giya ba ce ko kaɗan, niƙaƙƙen koko ne kawai da ya zama ruwa saboda mansa, na taɓa ganin wani bawan Allah ya zubar da kwali guda a shara saboda kalmar nan, har yau abin na min ciwo. Wanda ke da wani farin abu mai taushi kamar soso a ciki kuma duba ko akwai gelatin, wanda daga fata da ƙashin dabba ake yin sa, in akwai kuma ba tambarin halal, bar shi. Ka duba ranar lalacewa, ka duba lambar NAFDAC, sannan in tana da matsalar cin gyaɗa ko dangoginta ka karanta wajen da kyau don cakulan da yawa da su ake haɗawa.

Inda za ka saya ma abin dubawa ne. Kanti mai sanyi, wanda ka san ko an ɗauke wuta suna tayar da janareto. Na kan tebur a bakin titi ko na cikin gilashin da rana ke duka tun safe, wannan ya narke ya daskare ya fi sau goma. Ɗan shafa takardar a hankali: in ka ji layukan sandar a fili, murabba'i murabba'i, lafiya. In ka ji ya taru a gefe ɗaya ɗaya gefen ya zama fanko ko ya lanƙwashe, ya sha wuya, ɗauki wani. Irin wannan in an buɗe za ka ga ya yi fari-fari kamar ƙafar yaro da hunturu. Ba fumfuna ba ce, man ne ya taso sama ya bushe, ana iya ci ba abin da zai yi maka, sai dai daɗin ya ragu kuma ba yadda za ka yi ka gamsar da budurwa cewa ba tsohon kaya ka kawo mata ba. Mai lafiya yana sheƙi, in ka karya ya ce ƙas.

Ɗauka kuma, ka koyi darasi daga kaina. Cakulan shi ne abin da za ka saya a ƙarshe, bayan ka gama duk yawonka, in da hali bayan magariba. Ba aljihu, ba but, ba saman dashbod, ba a hannu kana riƙe da shi a adaidaita kana latsa waya. In tafiyar ta wuce minti ashirin nemi ƙaramar kula irin ta abinci, ka sa ƙanƙarar fiya wata ɗaya a ƙasa, ka naɗe ƙanƙarar da tawul ko tsumma mai kauri, shi kuma cakulan ɗin ka ƙulle shi a leda kar ruwa ya taɓa kwalin, ka ɗora a sama. Ba so ake ya daskare ba, so ake kawai kar ya ji rana. In aikawa za ka yi wani gari a motar haya cikin Maris ko Afrilu, shawarata ka haƙura ka aika turare, ko ka tura wa wani amintacce kuɗi a garin ya saya ya kai. Da sanyin hunturu kam, Disamba zuwa farkon Fabrairu, ba ka da matsala sosai.

Ajiya a gida: shi abin da yake so wuri mai sanyi-sanyi, busasshe, mai duhu, kamar digiri 15 zuwa 20, wanda mu sai da hunturu muke ganin haka. Don haka firij dole ne, amma da sharaɗi. Cakulan mayen wari ne, in ka ajiye shi tsirara kusa da miyar kuka da ta ji daddawa ko ragowar kifi, gobe cakulan mai daddawa za a ci. Sa shi a roba mai murfi ka rufe gam, a can ƙasa wajen kayan miya ba a firiza ba. In an fito da shi kar a buɗe nan take, a bar robar a rufe kamar minti goma sha biyar zuwa ashirin ya huce, in ba haka ba zai yi gumi, gumin ya narkar da sukarin sama ya bar masa borin fari. Kuma daɗinsa ma ba ya fitowa in yana da ƙanƙara, kamar tauna katako ne. Wanda ba shi da firij ko unguwarsu wuta sai an ga dama, ya sa a robar ya ajiye a gindin randa, duk gidan ba inda ya kai nan sanyi.

Wajen miƙawa ga abu biyu da na koya da kuɗina. Na farko, ka tafi da na fita kunya irin na mutanen Jafan. Gidan da za ka akwai ƙanne, akwai 'ya'yan yayye, akwai yaran maƙwabta da ke jin ƙarar mashin ɗinka tun daga kwana, in ka kai guda ɗaya tal to Umma za ta ce a raba wa yara, ita mai kyautar ta tashi da murabba'i ɗaya. Sayi ledar ƙananan alewa mai arha daban ka ba yaran a hannu, nata kuma a naɗe. Kuma in da hali ka haɗa da ɗan wani abu na Umma, ko dabino ne, wannan ba sai na yi bayani ba. Na biyu, dabarar Cadbury ɗin nan: abin da aka zubo shi a ciki ya fi shi daɗewa. Ba sai akwatin zuciya ja ba, ni kunya ma yake ba ni in ratsa layi da shi. Ɗan gwangwani mai kyau, ko ƙaramin kwando, ko adudu irin na saƙa, da 'yar takarda da ka rubuta layi biyu da hannunka, ba wanda ka kwafo a Facebook ba. Gwangwanin da na kai wa madam shekarar da muka yi aure har yanzu yana nan, allura da zare da maɓallai ne a ciki, amma dai yana nan.

Kar kuma ka je kana cika baki wai cakulan maganin ƙarin soyayya ne. Labarin ya samo asali tun daga sarkin Aztek Montezuma da aka ce yana sha kafin ya shiga wajen matansa, kuma gaskiya akwai wani sinadari a ciki da ake dangantawa da farin ciki, amma ɗan kaɗan ne kuma ciki na narkar da shi kafin ya je ko'ina. Abin da ke aiki sukari ne da mai da ƙamshi da kuma cewa ka tuna da ita. Mai ciwon suga ka yi hankali, baƙin ma akwai sukari a ciki. Baƙi sosai da daddare yana iya hana mai saurin jin kofi barci. Kuma in akwai kyanwa ko kare a gidan kar a ba su, tiyoburomin ɗin nan da mu ba ya mana komai su guba ne a jikinsu.

Wanda aljihunsa bai kai akwatin kanti ba, ko yake so ya yi abin da ba wanda zai kawo irinsa, ga wanda nake yi, dabino mai rigar cakulan. Nemi dabino mai taushi manya guda ashirin da ɗori, ba busasshen nan mai karya haƙori ba, ka tsaga gefe ka cire ƙwallon, ka cusa soyayyar gyaɗa biyu ko uku ko yazawa ɗaya a gurbin ka matse bakin. Sandar cakulan kamar giram 200 ta isa, kuma baƙi ya fi dacewa don dabino ya riga ya gama zaƙi. Yanka shi ƙanana da wuƙa. Ɗora ruwa kaɗan a tukunya ya yi zafi amma kar ya tafasa, ka rage wuta can ƙasa, ka ɗora kwanon silba ko tangaran a bakin tukunyar yadda gindinsa ba zai taɓa ruwan ba. Kwanon da cokalin su bushe ƙarau, ina nufin ƙarau, ɗigon ruwa ɗaya in ya faɗa ciki gaba ɗaya zai dunƙule ya yi gudaji kamar tuwon sabuwar amarya, kuma ba ya dawowa. Zuba kashi biyu cikin uku ka riƙa juyawa har ya narke, sauke kwanon ka goge gindinsa, sannan ka zuba ragowar kashi ɗayan ka ci gaba da juyawa har shi ma ya narke. Wannan na ƙarshen shi ke sa ya daskare da sheƙi maimakon ya yi fari. Ɗan taɓa a leɓenka na ƙasa, in ka ji ba zafi, kamar ma da ɗan sanyi, ya yi. A nan kam in compound ɗin da na gama zagi ɗazu ka samu, yi da shi, ba ya buƙatar duk wannan lallashin, narkarwa kawai, kuma ya fi jure hanya, dabinon zai rufa masa asiri.

Tsoma dabinon ɗaya-ɗaya da cokali mai yatsu, ka ɗan girgiza rarar ta koma, ka jera a faranti da aka shimfiɗa wa leda mai tsabta, kafin ya bushe ka barbaɗa soyayyen riɗi ko gogaggiyar kwakwa busasshiya a kai. Firij minti goma zuwa sha biyar, ka ɓamɓare ka jera a gwangwaninka. Ka yi aikin nan da sassafe bayan asuba kafin kicin ya ɗau zafi, kuma ka rufe ƙofa don yara na jin ƙamshin sun iso. Na ƙarshe da na yi guda 24 ne, 19 suka isa hannunta, na ce mata biyar ɗin ɗanɗanawa na yi in ji ko ya yi, ta ce ita dai a saninta sau ɗaya ake ɗanɗana miya.